Aya-aya Iri Uku a Lambu Ɗaya: Nazarin Wata Fadamar Albasa a Ƙasar Jega

Lambun da yadda abin ya faro

Lambun yana fadamar Gulbin Zamfara, a ƙasar Jega ta Jihar Kebbi. Bai cika kadada ɗaya ba, amma ƙasarsa kashi uku ce. Gefen sama jigawa ce mai rairayi. Tsakiya ƙasa ce mai laushi da ke shan ruwa ta tsane, nan ake yanka fangalin albasa da rani. Can gangare, wajen magudanar ruwa, laka ce, ruwa kan kwanta da damina a dasa shinkafa. Mai lambun dattijo ne da ya daɗe a sana'ar: reno a Oktoba, dashe a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, cirar albasa a Maris.

Aya-aya ba baƙuwa ba ce a wurin, tana nan tsilli-tsilli a bakin kunyoyi tun da can. Abubuwa biyu suka faru a shekara guda kafin ta zama bala'i. Da bazara an ɗauko taraktar haya ta yi haro, kuma daga wani lambu mai fama da ciyawar ta taso, fayafayanta cike da busasshiyar laka. Da damina kuma ƙanen mai lambun ya ari gefen jigawar ya shuka aya ta ci, wadda ya sayo irinta a kasuwa. Dattijon bai kawo taraktar a ransa ba. Ayar ƙanensa ya riƙe.

Rani na farko: cira da fartanya

Mako biyu bayan dashe, tsinin ciyawar ya huda fangalai na tsakiya. Albasa ba ta iya kokawa da ciyawa: lawashinta siriri ne, a tsaye yake, ba ya yi wa ƙasa inuwa, saiwarta kuma gajeriya ce. Aya-aya kuwa rana take so, ga ruwa ga taki an ajiye mata.

Aka sa 'yan ƙwadago cira. Abin da hannu ke kamowa ganye ne da ɗan kumburin gindinsa, ƙwayar tana can ƙasa. Cikin mako guda sabon tofo ya fito. An yi ta maimaitawa har albasa ta fara kai, daga nan fartanya ta zama haɗari, don tana yankar ƙwallon. Ranar cira aka ga wata ɓarnar da ba a zata ba: jijiyar ciyawar mai tsini ta huda wasu albasun ta ratsa su. Irin waɗannan ba su shiga rudu, wato ma'ajiyar albasa, don ta hujin ruɓa ke kamawa.

Rani na biyu: magunguna da injin kaftu

A shekara ta biyu an gwada abubuwa uku. Kafin dashe aka kawo ƙaramin injin kaftu mai wuƙaƙe masu juyawa, ya niƙe ƙasa luƙui, aka sako ruwa washegari. Bayan dashe aka fesa fendimetalin, maganin da masu albasa suka saba da shi. A kan kunyoyi da hanyoyin ruwa kuma aka fesa farakwat.

Farakwat ya ƙone ganye cikin kwana biyu, kowa ya ce an gama. Kafin mako biyu kunyoyin sun koma kore shar. Fendimetalin ya yi aikin da aka san shi da shi, ya hana harkiya da sauran ciyayi masu fitowa daga iri tsirowa, sai dai wannan ya share wa aya-aya fili ne kawai. Fangalan da injin ya fi niƙewa su suka fi cika. Dattijon ya je wurin malamin gona a watan Agusta, ya ce: «Malam, wagga ciyawa ta hi ƙarhina. Yaron nan shi ya kawo muna ita da ayatai.» Zuwa lokacin, shi da ƙanen nasa gaisuwa kawai ke haɗa su.

Agusta: tono da tantancewa

Malamin gonar bai rubuta wani magani ba. Ya ce, «Baba, a ba ni cebur tukuna.» Agusta ya dace da wannan aiki domin ciyawar ta fitar da kai, kuma ba a tantance 'yan wannan dangi da ganye kaɗai. A kowane ɓangare na lambun aka auna murabba'i mai santimita 50 kowane gefe, aka haƙa zurfin santimita 30, aka ɗago ƙasar dunƙule guda ba a girgiza ba, aka zuba a rariya aka wanke a hankali don kada jijiyoyi su tsinke. Samfurin da aka fizgo da hannu ba shi da amfani, saboda shaidar tana ƙarƙashin ƙasa.

Duk abin da aka tono 'yan dangi ɗaya ne, wanda masana ke kira Cyperaceae. Alamarsu a bayyane take: in ka murza karan tsakanin yatsu za ka ji kusurwa uku, ba shi da gaɓa irin ta karan gero, ganyen kuma layi uku yake fitowa. Dangin yana da jinsi kimanin 5,500 a duniya. Gida mafi girma a cikinsa shi ne Carex, mai jinsi wajen 2,000, wanda ya fi yawa a ƙasashen sanyi na arewacin duniya. Mu a nan gidan Cyperus ya fi damunmu, kuma a cikinsa kajiji yake, wanda mata ke haɗa turare da shi. Amma a lambun nan jinsi uku dabam-dabam rariya ta nuna.

Na tsakiya shi ne Cyperus rotundus, wanda wasu ke ce wa jiji. Ganyensa kore ne mai duhu da sheƙi, bakin ganyen yana ƙarewa farat ɗaya. Kansa ja ne mai duhu, ya doshi ruwan hanta. Ƙwayoyinsa baƙaƙe ne, masu kaushi da gashi-gashi, dogaye kaɗan, kuma a jere suke a kan jijiya mai tauri kamar carbi, wata na bin wata. In ka fasa ɗaya za ka ji ƙamshi mai yaji, in ka ɗanɗana ɗaci ne. Yawancinsu a santimita 15 na sama suka taru.

Na gefen jigawa Cyperus esculentus ne, jinsin aya. Ganyen ya fi haske, bakinsa yana sirancewa a hankali har ya yi tsini mai tsawo. Kansa ruwan ɗorawa ne. Kowace jijiya ƙwaya ɗaya tak take ɗauka a ƙarshenta, ba jeri. Ƙwayar zagayayya ce, tana da ɗan zaƙi.

Na gangare Cyperus difformis ne, kuma ba shi da ƙwaya ko ɗaya. Saiwarsa gashi ce ja-ja, karansa taushi gare shi, kansa ƙananan dunƙule-dunƙule ne a cure. Shekara ɗaya yake rayuwa, da iri yake yaɗuwa, kuma tushe guda na zubar da iri dubbai masu ƙanƙanta ƙwarai.

Masanin tsirrai Linnaeus ne ya raɗa wa na farko da na biyu suna tun 1753. A jerin miyagun ciyayin duniya da masanin ciyayi Holm da abokan aikinsa suka fitar a 1977, rotundus ne na ɗaya, esculentus na 16. Duk da haka a bakin manoman fadamar sunansu ɗaya, kuma da sunan nan ɗaya ake zuwa shago a sayo magani. A bakin kunya an kuma tsinci gemun kwaɗo, mai ɗan farin kai a dunƙule. Tsofaffin littattafai suna ajiye shi a gidan Kyllinga, amma bayan binciken ƙwayoyin gado an mayar da Kyllinga da Pycreus da Mariscus duk cikin Cyperus, abin da ya kai gidan ga jinsi kusan 950. Wanda ya ga sunaye biyu a kan ciyawa ɗaya, sau da yawa dalilin ke nan.

Agusta zuwa Nuwamba: gwajin bokiti

Tambayoyi biyu suka rage, kuma dukansu a ƙasa da matakin jinsi suke.

Ta farko ita ce ta rigimar gida. Tunda abin da ke jigawa jinsin aya ne, shin ayar ƙanen ce ta gudu ta zama ciyawa? A rabe-raben masana, ayar noma da ta daji jinsi ɗaya ne, a matakin nau'i suka rabu. Masanin tsirrai Böckeler ya ba ta noma sunan sativus a 1870. Ita ce ake samu a kaburburan tsohuwar Masar, ita ake nomawa a Balensiya ta Sifen don abin sha mai kama da kunun ayarmu. Wani masanin, Kükenthal, a babban aikinsa na 1935 zuwa 1936, ya karkasa jinsin zuwa nau'o'i da dama. A 1995 Schippers da Ter Borg da Bos, daga ƙasar Holan, suka sake bitar lamarin. Suka shuka tsirrai masu asali ɗaya a yanayi dabam-dabam don su ga wace siffa ce ke tsayawa, wace ce ke sauyawa da ruwa da taki da zafi. Suka tsaya a kan nau'o'in daji huɗu: esculentus, leptostachyus, macrostachyus da heermannii. Na farkon shi ne na Afirka da kudancin Turai da Asiya, sauran ukun 'yan nahiyar Amurka ne. Ana raba su da tsawon 'yan zangarniyoyin kai da ɓawon fure da yadda suke karkata, abin da sai da madubin ƙara girma da ma'auni na milimita.

Manomi ba ya buƙatar madubi don raba ta noma da ta daji. Aka samo bokitai masu huji a gindi, aka cika su da ƙasa iri ɗaya da aka tankaɗe, aka jera su wuri guda, ruwa ɗaya, rana ɗaya. Wasu aka sa musu ƙwayar da aka tono a jigawa, wasu ragowar irin da ƙanen ya shuka, bayan an jiƙa shi kwana guda. Bayan wata uku aka kife su. Ayar kasuwa ba ta yi fure ba. Jijiyoyinta gajeru ne, 'ya'yan manya, sun taru cunkus a gindin uwar, in ka ɗaga tushen kusan duka suke biyowa. Ta jigawa ta fitar da kai, jijiyoyinta sun miƙe har sun naɗe bangon bokitin, 'ya'yan ƙanana masu tauri, kowanne can nesa da uwa. Ragowar ayar noma kan tsiro a gona bayan girbi, wannan gaskiya ne, amma a inda aka bar ta take tsayawa. Abin da ke jigawar ta daji ce, kuma da aka duba gonakin maƙwabta da ba a taɓa shuka aya a cikinsu ba, nan ma tana nan. Balle fangalan albasa, inda ɓarnar take, ba ma jinsin aya ba ne a cikinsu. An kife bokitan a gaban 'yan'uwan biyu. Ƙanen ya ce, «Yaya, ka gani da idonka.» Dattijon ya ɗauki baƙar ƙwaya ɗaya ya fasa da haƙori, ya tofar.

Tambaya ta biyu ta taso daga bakin magudanar ruwa. Akwai jiji a wurin da ya ninka na fangali tsayi, kansa kuma bai kai nasu duhu ba. Kükenthal ya raba rotundus zuwa rassa, wato ƙananan jinsi, daga ciki akwai rotundus da tuberosus da merkeri da retzii. Tuberosus dai wani masani mai suna Rottbøll ya fara bayyana shi a matsayin jinsi mai zaman kansa, Kükenthal ya mayar da shi reshe, wasu masana na yanzu kuma sun maido masa da matsayinsa na farko. An san shi da tsayi da son wuri mai dausayi, don haka zargin yana da tushe. Aka yi masa gwaji irin na ayar. A bokiti, dogon da gajeren suka taso kai ɗaya, launin kansu ya zo ɗaya. Ruwa da takin da ke gangarowa ne suka miƙar da shi, inuwar ciyayin bakin ruwa ta ƙara. Wani malamin jami'a masanin tsirrai da aka kai wa busassun samfura ya rubuta Cyperus rotundus a kan duka biyun, bai ƙara sunan reshe ba. Mai son bin irin wannan har ƙarshe, akwai ma'ajiyar busassun tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da kuma ta cibiyar binciken gandun daji a Ibadan, inda ake gwada samfuri da waɗanda aka riga aka tabbatar. Samfurin ya zama da ƙwaya da jijiya da kai wanda ya nuna, a matse shi cikin jarida, a riƙa sauya takardar kullum har ya bushe.

Shekara ta uku: kowane ɓangare da nasa aiki

An yi albasar wannan rani da cira kawai, aka cire ta farkon Maris, aka rufe ruwa gaba ɗaya.

A tsakiya rana aka sa ta yi aikin. Ɗanyar ƙwayar jiji kusan rabinta ruwa ne, kuma in ruwan jikinta ya sauka zuwa wajen kashi 15 cikin 100 ta mutu. A saman busasshiyar ƙasa wannan kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Aka yi huɗa da garmar shanu zurfin santimita 20, aka bar hoge a buɗe ba a farfasa ba. Duk bayan kwana 10 zuwa 14 a sake juyawa, sau uku, daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Afrilu, lokacin da zafin Kebbi kan haura digiri 40. Yara suna bi da manjagara suna tara ƙwayoyin da suka fito, a ƙone su a wajen lambu. Fangali biyu da ke kusa da rijiyar maƙwabci sun ci gaba da samun danshi ta ƙasa, kuma a nan dabarar ba ta ci ba.

Da ruwan farko ya sauka a Yuni ba a yi shuka ba. Aka bar abin da ya tsira ya tofo har ya kai kamar taƙi ɗaya, mako uku zuwa huɗu, yana gab da fitar da kai. A wannan mataki ne ganye ke tura abinci ƙasa zuwa sababbin ƙwayoyi, maganin ciyawa na gilifoset kuma yana bin wannan hanya. Aka fesa mai ƙarfin giram 360 a lita, lita 4 a kadada cikin ruwa lita 200, wato mililita 400 a kowace goyon feshi mai lita 20. Da ruwan rijiya mai tsabta aka haɗa, domin laka tana kama maganin ta kashe ƙarfinsa, kuma da safe aka fesa a ranar da ba hadari. Ba a taɓa ƙasar ba sai bayan mako biyu. Ƙwayar da take barci, wadda ba ta da ganye a sama, maganin ba ya isa gare ta, shi ya sa aka bi tofon da ya biyo baya da feshi na biyu, tabo-tabo. Daga nan aka shuka wake mai yaɗo, aka matse tazara. Jiji ba ya jure inuwa, da waken ya rufe ƙasa sai tofon ya zama 'yan siraran ganye marasa ƙarfin yin sabuwar ƙwaya.

An kawo shawarar halosalfuron, wanda yake kashe jiji da ayar daji duka a gonar masara ko shinkafa. Aka ajiye ta, saboda yana daɗewa a ƙasa, tazarar da ake bayarwa kafin a dasa albasa bayansa ta wuce shekara, albasa kuwa Nuwamba za ta shiga.

A jigawa an yi huɗar bazara iri ɗaya, ba ta yi wani tasiri ba. Wannan bai kamata ya ba kowa mamaki ba: busasshiyar aya tana wata da watanni a buhu, a jiƙa ta ta tsiro. Ta daji ma haka take jure bushewa fiye da jiji nesa ba kusa ba. Sai aka sauya hanya. Aka shuka gyaɗa, aka fesa metolaklo kafin tsiro a kan ƙasa mai danshi, sannan aka bi da bentazon lokacin da ciyawar ke da ganye huɗu zuwa shida, aka maimaita bayan kwana 10. Waɗannan biyun suna cin ayar daji, amma kaɗan suke yi wa jiji. Da a tsakiya aka zuba su, da an yi asarar kuɗi.

Gangare bai ɗauki dogon aiki ba. Aka daidaita ƙasa, aka ɗaga kunya don ruwa ya tsaya daidai ko'ina, aka dasa shinkafa mai mako uku maimakon yafi, aka fesa butaklo cikin kwanaki ukun farko, aka cire abin da ya kuɓuce kafin ya yi kai.

Sakamako

A ranin da ya biyo baya, jiji ya fito a fangalan tsakiya amma jefi-jefi, cira biyu ta wadatar kafin albasa ta yi kai, kuma albasar da jijiya ta huda ba ta taka kara ta karya ba. Da aka maimaita tonon murabba'i a wuraren da aka tona a baya, yawancin ƙwayoyin da rariya ta tare fanko ne, suna murƙushewa a hannu. Fangali biyu na kusa da rijiya suna nan da ciyawarsu. Ayar daji a jigawa ta ragu, ba ta ƙare ba. A gangare shinkafa ta rufe kafin ciyawar ta samu kai.

Hukunci

Injin kaftu ne ya fi kowane abu ɓarna. A jerin ƙwayoyin jiji, ta gaba ita ke tofo, tana danne na bayanta su zauna a barci. Wuƙar injin ta tsinka jerin gunduwa-gunduwa, kowace ƙwaya ta farka, ruwan da aka sako washegari kuma ya raya su. Juya ƙasa da ruwa a kusa shuka jiji ne, juya ta a tsakiyar bazara kashe shi ne. Farakwat ba ya tafiya cikin jikin tsiro, don haka bai taɓa isa ƙwaya ba. Fendimetalin kuwa tsiron iri yake hanawa, ba tofon ƙwaya mai rumbun abincinta ba. Mai shagon da ya sayar da su bai yi ƙarya ba, an ce masa ciyawa, ya ba da maganin ciyawa.

Matakan rabe-raben uku ba su yi nauyi ɗaya ba. Matakin jinsi shi ya raba aiki: rana ga rotundus, metolaklo da bentazon ga esculentus, ruwa da hana zubar iri ga difformis. Matakin nau'i bai sauya ko cokali ɗaya na magani ba, amma ya wanke ƙanen, ya kuma juya ido zuwa ga tarakta, wadda ita ce mafi kusa da zama sanadi tunda jiji da wuya yake yaɗuwa ta iri, ƙwaya ce ke tafiya cikin laka. Matakin reshe bai ba da komai ba a wannan lambu, kuma da an yi gaggawar laƙaba wa dogon jijin sunan tuberosus saboda tsayinsa kawai, da an rubuta kuskure. Siffar da ruwa da taki ke iya sauyawa ba a gina suna a kanta.

Shekara ɗaya ba ta share jiji. Huɗar bazara za ta ci gaba aƙalla shekara biyu masu zuwa, fangalan kusa da rijiya an fitar da su daga albasa an ba dankali mai yaɗo, kuma duk taraktar da za ta shiga lambun sai an kankare fayafayanta an wanke su a bakin hanya.